Idan masunci ɗaya ya gagari kowa: riba ko asara ga gasar kamun kifin bas a Amurka?

A ƙarshen watan Yulin 2005 aka gudanar da gasar Bassmaster Classic, babbar gasar kamun kifin bas (wani kifin koguna da tafkuna) ta Amurka, a birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania, inda kogunan Allegheny da Monongahela suke haɗuwa su zama kogin Ohio. Ruwan wurin ba shi da albarkar kifi, har ta kai ƙwararrun masunta suna wuni cur a kan ruwa su dawo da ƙananan kifaye biyu ko uku, wasu ma su dawo hannu rabbana. Bayan kwana uku ana fafatawa, wanda ya yi nasara laba 12 da oza 15 kacal ya tara, wato abin da bai cika kilo 6 ba, kuma ba a taɓa cin wannan gasa da nauyin da ya gaza haka ba. Sunansa Kevin VanDam, mutumin Kalamazoo ta jihar Michigan, kuma oza 6 ce ta raba shi da Aaron Martens wanda ya zo na biyu. A watan Fabrairun 2011 aka kai gasar fadamun Louisiana kusa da New Orleans, inda kifi yake da yawa kuma yake da girma, sai VanDam ya sake cinyewa da laba 69 da oza 11, sama da kilo 31, nauyin da ba a taɓa kaiwa ba tun da aka tsayar da ƙa'idar kifi biyar a rana. Na biyu a wannan karo ma Martens ne, wanda ya yi kwanakin gasar yana jefa fatsarsa a yanki ɗaya da VanDam a tafkin Cataouatche, suna hango juna, amma aka tashi da tazarar fiye da laba 10 a tsakaninsu.

Mutum ɗaya ke nan ya ci gasar a ruwan da ya fi kowane talauci, ya kuma ci ta a ruwan da ya fi kowane yalwa. A irin wannan hali ne masu bibiyar wasan suke raba gari: wasu suna cewa samun gwarzon da ya gagari kowa shi ne abin da ya fito da wasan daga ƙauye zuwa idon duniya, wasu kuma suna cewa idan an san wanda zai ci tun kafin a kunna injin jirgi, to kallo ya ƙare, sauran 'yan gasa kuma sun zama 'yan rakiya. Ra'ayina shi ne ɓangare na farko ya fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya fi jan bayani.

Kafin a kai can, ya kamata mai karatu ya san irin wasan da ake magana a kai, domin ya sha bamban da abin da muka saba gani a Argungu, inda dubban masunta suke auka wa kogin Matan Fada da homa da gora a lokaci guda, wanda ya fito da kifi mafi girma ya ɗauki kyauta. A Amurka kowane ɗan gasa yana da jirginsa mai inji, yana fita da asuba ya yi kusan awa takwas a kan tafki ko kogi, yana amfani da sandar fatsa da abin yaudarar kifi na roba ko katako ko ƙarfe, domin an haramta sa abu mai rai a ƙugiya. A tsarin da aka fi sani, kifaye biyar mafi nauyi kawai zai kawo wurin awo kowace rana, kuma da ransu, saboda akwai ma'ajin ruwa a cikin jirgin, ana kuma rage wa mutum nauyi idan kifinsa ya mutu. Bayan awo a mayar da su ruwa. Ana tara nauyin kwana uku ko huɗu a fitar da zakara. Wani mai sayar da inshora ɗan Alabama mai suna Ray Scott ne ya shirya gasar farko ta wannan salo a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, da masunta 106, kowa ya biya dala 100, sannan ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. a 1968. An fara Classic a 1971 a tafkin Mead, kuma ita ce gasar da kowane ɗan wasa yake mafarkin ci. Akwai kuma kambun gwarzon masuncin shekara, wanda ake bai wa wanda ya fi tara maki a dukan gasannin kakar, kuma a wurin masu sana'ar shi ne ma'aunin ƙwarewa na haƙiƙa, tun da ba a cin sa da dacen mako ɗaya.

Babbar matsalar da wannan wasa ya taso da ita ita ce zargin cewa sa'a ce kawai. Duk wanda bai taɓa riƙe fatsa ba, abin da yake gani shi ne mutum ya jefa ƙugiya cikin ruwa yana jiran rabo, kuma idan rabo ne, to babu dalilin kiran mai yin sa ɗan wasa, balle a biya shi, balle kamfani ya liƙa sunansa a rigarsa. Ba a kawar da irin wannan zargi da jawabi. Abin da yake kawar da shi shi ne a ga suna ɗaya yana dawowa saman jeri shekara bayan shekara, a ruwa mai zurfi da marar zurfi, a sanyi da zafi, har mai shakka ya rasa ta cewa. Wannan aiki ne Bill Dance ya fara yi wa wasan lokacin da ya ci kambun gwarzon shekara na farko a 1970, ya ƙara a 1974 da 1977, sannan Roland Martin ya kai shi maƙura da ya ci kambun har sau tara. Martin ne aka fi danganta wa tunanin cewa kifin bas yana da tsari: idan ka same shi yau a gindin kututture a zurfin ƙafa shida a gefen da iska take bugawa, to duk wurin da ya yi kama da wannan a tafkin akwai yiwuwar kifi yana nan, don haka aikin masunci shi ne ya gano tsarin ranar da wuri ya bi shi, maimakon ya zauna a rami ɗaya yana jira. Da ba don nasarorinsa sun yi ta maimaituwa ba, da wannan bayani ya tsaya a matsayin surutun masunta. Rick Clunn ya zo ya ci Classic sau huɗu, a 1976 da 1977 da 1984 da 1990. Bahaushe ya ce sa'a ta fi sammako, amma sa'ar da take zuwa wa mutum ɗaya sau tara dole a nema mata wani suna.

VanDam ya gaji wannan aiki a lokacin da ya fi dacewa. Ya ci kambun gwarzon shekara karon farko a 1992 yana ɗan shekara 24 zuwa 25, ya ƙara a 1996 da 1999, sannan ya riƙe shi shekara huɗu a jere daga 2008 zuwa 2011. Ya ci Classic a 2001 da 2005 da 2010 da 2011. Tashar wasanni ta ESPN ta sayi B.A.S.S. a 2001 ta riƙe ta har 2010, wato shekarun da wasan ya fi samun shiga gidajen mutanen da ba masunta ba su ne shekarun da VanDam yake kan ganiyarsa. Talabijin kuwa tana buƙatar fuska ɗaya da mai kallo zai gane. Mutumin da ya kunna tasha ya tarar da jirage ɗari da sunaye ɗari ba zai tsaya ba, amma idan aka ce masa ga wanda ya gagari kowa, ga kuma masu neman kayar da shi, ya sami labarin da zai bi. Salon VanDam ma ya taimaka, domin shi mai gaggawa ne: yana jifa yana janyewa ba hutawa, yana ratsa ruwa mai faɗi cikin ɗan lokaci yana neman kifin da zai kai cafka, abin da ya fi daɗin kallo a kan mutumin da ya tsaya wuri guda yana girgiza tanar roba. A 2002 ESPN ta ba shi lambar yabonta ta shekara a rukunin wasannin daji da ruwa, a dandalin da ake karrama 'yan ƙwallo da 'yan dambe.

Sai dai akwai abin da masu tsoron mamaya suke mantawa, wanda a ganina shi ne ya raba wannan wasa da yawancin wasanni. Tun 1956 masanin tattalin arziki Simon Rottenberg ya kawo hujjar cewa 'yan kallo suna biyan kuɗi ne saboda rashin sanin yadda wasa zai ƙare, don haka idan ɓangare ɗaya ya fi ƙarfi ƙwarai sha'awa takan ragu. Hujjar tana da ƙarfi a wasan da mutum biyu ko ƙungiya biyu suke karawa, inda gwani zai iya cin tara cikin goma. A kamun kifi kuwa akwai wani ɓangare na uku da bai sa hannu a kan kowace ƙa'ida ba, wato kifin kansa, tare da iska da ruwan sama da hawa da saukar ruwan madatsa. VanDam ya shiga gasannin B.A.S.S. sama da 300, ya ci 25, kuma babu wanda ya kai shi. Ma'ana, mutumin da ya fi kowa a tarihin wasan bai ci ko ɗaya cikin goma na gasannin da ya shiga ba. A kowane mako da ya fita, abin da ya fi yiwuwa shi ne wani ne zai ɗaga kofin. Roland Martin da kambunsa tara da nasarorinsa 19 bai taɓa cin Classic ba. Saboda haka mamaya a nan tana nufin yawan bayyana a cikin goman farko da tara maki a tsawon kaka, rashin tabbas na ranar ƙarshe kuwa yana nan daram. Mai kallo yana samun abu biyu da ba kasafai suke haɗuwa ba: gwarzon da zai auna kowa da shi, da kuma tabbacin cewa gwarzon zai iya shan kaye gobe.

Wurin awo ne ya fi nuna wannan. A ranar ƙarshe ta Classic ana cika babban zauren wasanni da jama'a, mota ta jawo jirgin kowane ɗan gasa har gaban dandamali, ya buɗe ma'ajin ruwa ya zuba kifayensa a jaka, ya ciro manya biyu ya ɗaga su sama ɗaya a kowane hannu. Wanda yake kan gaba a lokacin yana zaune a wata kujera a gefe yana kallon sikeli, kuma ana barin waɗanda suka fi maki su zo a ƙarshe. Idan wanda ya rage a bayan labule VanDam ne, zauren yakan rabu biyu, masu son ya ci da masu son a ga bayansa, kuma dukansu suna tsaye. Waɗanda suke ƙin gwarzo ma 'yan kallo ne, kuma su ma sun cika kujeru.

Illar da ta fi zama gaskiya tana wurin kuɗi, amma ba ta hanyar da aka fi zato ba. Shekaru da dama, a jerin gasannin Elite da B.A.S.S. ta fara a 2006, ɗan wasa yana biyan kimanin dala 5,000 kuɗin shiga kowace gasa, wanda ya ci ya karɓi dala 100,000, kusan rabin 'yan gasar su sami akalla dala 10,000, sauran rabin kuma su koma gida ba ko sisi, bayan sun sayi mai sun biya masauki, ga bashin jirgi da motar jan sa. Idan aka duba wannan lissafi, gwarzo gurbi ɗaya kawai yake tarewa a jerin masu karɓar kuɗi. Mutumin da yake fafutukar zuwa na hamsin, da VanDam da rashinsa kusan duk ɗaya ne a wurinsa. Inda abin yake ciwo shi ne wurin kamfanonin da suke ɗaukar nauyi, domin mafi yawan masu wannan sana'a ba da kyautar gasa suke ciyar da iyali ba, da kuɗin talla ne. Kamfanonin da suke ƙera jirage da injuna da sanduna da abubuwan yaudarar kifi ba su da yawa, kasafin tallarsu kuma yana da iyaka. Idan sunan mutum ɗaya shi ne yake sayar da kaya, kamar yadda kamfanin Strike King ya yi ta sayar da kifayen roba masu ɗauke da haruffan KVD, wato na sunan Kevin VanDam, a kantunan ƙasar, to babban kaso zai tafi wurinsa, na tsakiya kuma a sallame su da ragin farashi ko kayan kyauta. Wannan ƙorafi ne mai tushe. Amsar da ake bayarwa ita ce gwarzon ne ya faɗaɗa kasuwar tun farko, yaron da ya fara sayen fatsa saboda VanDam zai sayi kayan wasu ma daga baya. Ina ganin duka biyun gaskiya ne, sai dai faɗaɗar kasuwa amfaninta yana zuwa a hankali ya bazu a kan kowa, ita kuwa asarar kwangila tana faɗa wa mutum ɗaya a shekara ɗaya, kuma ba za a ce masa ya yi haƙuri saboda makomar wasa ba alhali banki yana jiran sa.

Akwai kuma batun karayar zuciya. A 2011 masaniyar tattalin arziki Jennifer Brown ta wallafa wani nazari a kan wasan golf da ya nuna cewa a shekarun da Tiger Woods yake tashe, manyan abokan hamayyarsa sun fi yin wasa marar kyau a gasannin da ya shiga, kamar dai sun ga babu amfanin ƙure kai a kan kyautar da ta riga ta sami mai ita. Ana iya zaton haka a kan ruwa, kuma yana da sura ta musamman: mutum ya ji cewa kifayen da ya gano ba za su isa su kayar da gwarzo ba, sai ya bar su ya yi doguwar tafiya neman manya, ya dawo da jaka fayau. Amma tarihin waɗanda suka rayu a inuwar VanDam bai nuna mutanen da suka karaya ba. Martens, wanda ya zo na biyu a Classic har sau huɗu, biyu daga ciki a bayan VanDam, ya ci kambun gwarzon shekara sau uku, a 2005 da 2013 da 2015, da salon da ya yi hannun riga da na abokin hamayyarsa, na siririn zare da haƙuri da lura da ƙananan abubuwa. Ya rasu a 2021 bayan fama da cutar dajin ƙwaƙwalwa, kuma ana ƙirga shi cikin manyan gwanayen wasan. Skeet Reese ya ci kambun a 2007 da Classic a 2009. Mike Iaconelli ya ci Classic a 2003 da kambun a 2006. Darajar waɗannan nasarori ta ƙaru ne saboda wanda aka kayar kafin a same su.

Labarin Reese ne ma ya kai mu ga sharaɗin da na ambata. A 2010 ya yi kakar da ba a cika ganin irinta ba, ya ci gasa biyu, ya gama gasannin shekara yana kan gaba da tazara mai yawa. Amma a lokacin B.A.S.S. ta ƙirƙiro wani zagaye na ƙarshe da ake sake lissafin maki a taƙaita tazara, domin a samu abin nunawa a talabijin, kuma a wannan zagaye VanDam ya wuce shi ya ɗauki kambun. VanDam bai karya doka ba, ya ci ne bisa ƙa'idar da kowa ya sani tun farkon shekara, amma har yau akwai masu ganin kambun na Reese ne. Abin lura shi ne fushin jama'a bai tashi a kan cewa mutum ɗaya ya cika yin nasara ba, ya tashi ne lokacin da aka ji kamar tsari ne ya miƙa masa nasarar. Mamaya tana amfanar wasa muddin mai kallo ya yarda cewa hannu da ƙwaƙwalwar mutumin ne suka kawo ta. Da zarar ya fara zargin ƙa'ida ko na'ura, sai tsohon zargin nan na cewa wasan ba gwaninta ba ne ya dawo da sabuwar riga.

Wannan shi ne halin da Jacob Wheeler ya tsinci kansa a ciki. A 2019 kamfanin Major League Fishing ya buɗe jerin gasanninsa na Bass Pro Tour da masunta 80, mafi yawansu an ɗebo su ne daga Elite, ciki har da VanDam da Reese da Martens da Iaconelli da Edwin Evers. Tsarinsu daban ne: kowane jirgi yana ɗauke da alƙali, duk kifin da ya kai mafi ƙarancin nauyin da aka yanka ana auna shi nan take a sake shi, a ƙirga shi, kuma kowa yana jin makin kowa a lokacin da ake wasa. Wheeler, ɗan asalin Indiana, ya ci kambun gwarzon shekara na wannan jeri a 2021 da 2022 da 2024. A daidai waɗannan shekaru kuma wata na'ura ta sauya wasan baki ɗaya, wato na'urar hangen kifi kai tsaye, wadda kamfanin Garmin ya fitar da samfurinta mai suna LiveScope a 2018, Lowrance da Humminbird suka biyo da nasu. Tsohuwar na'ura tana nuna abin da jirgi ya riga ya wuce ta kansa. Wannan kuwa tana haska gaba, mutum yana tsaye a goshin jirgi, ƙafarsa a kan fedar ƙaramin injin lantarki, kansa a sunkuye, yana ganin kifi a allo kamar ɗigon haske yana iyo a tsakiyar ruwa, ya jefa masa ɗan kifin roba, ya ga yadda ɗigon ya juyo ya biyo ko ya yi biris. Tsarin da yake ƙirga kowane kifi yana fifita wanda ya iya gano garken kifi a tsakiyar tafki, na'urar kuma ta sauƙaƙa hakan, Wheeler kuwa ya ƙware a duka biyun. Sai masu suka suka ce tsari da allo ne suka yi shi.

Zargin bai yi masa adalci ba. Wheeler ya ci gasar Forrest Wood Cup a tafkin Lanier a 2012 yana ɗan shekara 21, a tsarin kifi biyar, shekara shida kafin LiveScope ta fito, ya kuma ci gasa a Elite kafin ya bar ta. Na'urar tana kan jirgin kowane abokin hamayyarsa. Har zuwa 2025 kuma bai ci Redcrest ba, gasar zakaru ta wannan jeri, alhali Dustin Connell ya ci ta a 2021 da 2024 da 2025, wanda ya sake nuna cewa kifi bai san gwarzo ba. Duk da haka, abin da mai kallo ya yarda da shi yana da nauyinsa ko da bai yi daidai ba, kuma a nan akwai matsala ta zahiri: gwanintar VanDam ana ganin ta da ido, a jifa da sauri da zaɓen wuri, ita kuwa gwanintar karanta allo tana faruwa ne a wurin da kyamara ba ta iya nuna ta da kyau, abin da ake gani kawai shi ne ƙeyar mutum. Shi ya sa masu shirya gasanni suka taɓa na'urar maimakon su taɓa gwanayen. A kakar 2025 B.A.S.S. ta taƙaita kowane jirgi ga na'urar hange guda ɗaya tare da iyakance girman alluna, Bass Pro Tour ta yarda a yi amfani da ita a kashi ɗaya kawai cikin kashi uku na ranar wasa, wani ƙaramin jeri mai suna National Professional Fishing League kuma ya haramta ta gaba ɗaya.

Dole kuma a faɗi abin da bai goyi bayan ra'ayina ba. Lokacin da manyan sunaye suka fice a 2019, da yawa sun ɗauka B.A.S.S. ta gama yawo. Ba haka aka yi ba. Gasar farko ta Elite a waccan shekara, a kogin St. Johns na Florida, Rick Clunn ne ya ci ta yana ɗan shekara 72, daga nan kuma aka yi shekara shida ana samun sabon gwarzon shekara kowace kaka: Scott Canterbury, Clark Wendlandt, Seth Feider, Brandon Palaniuk, Kyle Welcher, sai Chris Johnston ɗan Kanada a 2024. Babu mai mamaya, amma jama'a ba su watse ba. Classic ɗin da aka yi a Knoxville a 2023, wadda wani ɗan Kanada Jeff Gustafson ya ci, B.A.S.S. ta ce ta tara mutum sama da 160,000 a kwanakinta, adadin da ba ta taɓa samu ba. Wannan yana nuna cewa wasan da ya riga ya kafu yana iya rayuwa da sunan gasarsa ba tare da gwarzo ɗaya ba. Abin da zan ce kawai shi ne sunan Classic bai faɗo daga sama ba, mutane irin su Clunn da VanDam ne suka yi shekara arba'in suna zuba masa daraja. Rabuwar kuma ta jawo asarar da mamayar mutum ɗaya ba ta taɓa jawowa ba, domin tun daga 2019 babu filin da dukan gwanaye suke haɗuwa a kai a kai, don haka duk abin da Wheeler ya ci za a ce bai kara da na Elite ba, duk abin da na Elite suka ci za a ce Wheeler ba ya nan. Wasu daga cikin waɗanda suka fice, irin su Palaniuk da Iaconelli da Jordan Lee, sun koma Elite daga baya, VanDam kuwa ya yi ritaya daga zagayen gasanni a ƙarshen kakar 2023.

A watan Maris na 2025 aka yi Classic a tafkin Ray Roberts na jihar Texas. Easton Fothergill, ɗan shekara 22 daga Minnesota, wanda aka yi wa aikin ƙwaƙwalwa ƙasa da shekara biyu kafin nan, ya tara laba 76 da oza 15 a kwana uku, ya karɓi dala 300,000, na biyunsa kuma Trey McKinney ne wanda bai kai shi shekaru ba. Dukansu 'yan zamanin allo ne, kuma muhawarar na'ura ta biyo bayan nasarar kamar yadda aka zata. Amma da aka zo bayyana wa jama'a girman abin da yaron ya yi, adadin da aka ɗauko aka ajiye kusa da nasa shi ne laba 69 da oza 11, wanda VanDam ya kafa a fadamun Louisiana shekara 14 kafin nan, lokacin da Fothergill yake ɗan firamare.